Misin bayan sauya kamshaf: laifin saiti ne ko laifin bawul?

Ɗan'uwa, tambayarka kamar yadda na fahimce ta ita ce kana da Chevrolet Tahoe ƙirar 2004 mai injin V8 lita 5.3, ka cire kamshaf ɗin kamfani, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ka sa babba domin ƙarin ƙarfi, tun daga nan kuma injin yake misin jefi-jefi, fitilar cek ta kama yau ta ɗauke gobe. Makanike ɗaya ya ce kwamfutar motar ce take buƙatar sabon saiti, ɗayan kuma ya ce a sake buɗe murfin bawul domin matsalar a ƙarfe take. Kowannensu yana da hujja, amma cututtukan biyu ba alamominsu ɗaya ba, kuma idan aka jera su gefe da gefe injin da kansa zai nuna wanda ya faɗi daidai.

Babban kamshaf yana ɗaga bawul fiye da na kamfani, yana kuma barinsa a buɗe na tsawon lokaci, saboda haka ɗan lokacin da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke buɗe tare ya ƙaru. Idan injin yana juyi da sauri wannan riba ce, domin hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska a bayansa. A silo kuwa iskar ba ta da wannan gudun, sai wani ɓangare na hayaƙin ya komo cikin silinda, kamar ɗakin girkin da aka buɗe ƙofarsa da tagarsa a ranar da iska ba ta kaɗawa. Cakuɗin fetur da iska da hayaƙi ya surka wani lokaci ya kama wuta da kyau, wani lokaci ya kama rabi da rabi. Ita kuma kwamfuta har yanzu da lissafin tsohon kamshaf take aiki, tana ƙoƙarin riƙe silo a wajen juyi 600 a minti alhali sabon yana son 800 ko fiye. Sensar oksijin da ke jikin salansa tana ganin iskar da ta wuce ba ta ƙone ba, sai kwamfuta ta ɗauka fetur ya yi kaɗan ta ƙara shi, fulogai su yi baƙi. Ka kuma tuna cewa kwamfutar ba ta ganin wutar cikin silinda. Ta sensar karanshaf take lura ko juyin ya ɗan yi sanyi bayan kowace fashewa, don haka rawar da babban kamshaf yake yi a silo kaɗai ta isa ta sa ta rubuta P0300, wato lambar misin da bai tsaya a silinda ɗaya ba. Wannan shi ne misin na saiti.

Misin na bawul ya fi wannan haɗari, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. A wannan injin kamshaf yana cikin bulok ne, yana tura tafet mai aiki da matsin baƙin mai, tafet ya tura fushrod, fushrod ya tura roka, roka kuma ya danna bawul da ninkin 1.7. Rokokin kamfani ba su da wurin saiti, ɗaure su kawai ake yi zuwa Nm 30, saboda haka tsawon fushrod ne yake yanke iya nutsewarsa cikin tafet, kuma na kamfani inci 7.400 ne. Tun da dole kamshaf ya ratsa ta cikin bushin ɗinsa kafin ya zauna, masu ƙera shi ba sa iya ƙara tsayin tozon yadda suke so, sai su rage kaurin gindinsa. Hakan yakan sa tsohon fushrod ya yi gajarta, a ji ƙas-ƙas a saman inji. Mutane da yawa sai su sayi wanda ya fi tsawo ba tare da awo ba. Idan kuwa injin ya taɓa yin zafi har aka kai top silinda aka kankare fuskarsa, roka ya riga ya matso kusa da kamshaf, dogon fushrod sai ya wuce gona da iri. Sakamakon shi ne bawul ba ya komawa mazauninsa sosai a lokacin da matsin mai ya yi yawa, wato da sassafe mai yana da kauri, ko jim kaɗan bayan an taka totur da ƙarfi. Da matsin ya sauka sai bawul ya rufe, misin ya ɓace kamar ba a yi ba.

Sifirin da ke mayar da bawul mazauninsa ma yana cikin wannan ɓangaren. Kamshaf ɗin kamfani bai kai rabin inci wajen ɗaga bawul ba, da yawa daga cikin manyan kuwa suna kaiwa 0.550 zuwa 0.600. Idan tsofaffin sifirin aka bari, a babban juyi ba za su iya dawo da bawul a kan lokaci ba, kuma suna iya karyewa. Bawul ɗin da sifirinsa ya karye yana iya faɗawa kan fistan, daga nan kuma maganar ta tashi daga gyara ta koma sayen inji.

Bambanci na farko shi ne lokaci. Misin na saiti a silo yake zaune, musamman idan an sa giya an taka birki ko an kunna na'urar sanyaya mota, kuma da ka ɗaga juyi zuwa 2,000 ko 2,500 sai injin ya washe. Na bawul ba ya washewa da totur. Idan sifirin ne sai ma ya ƙaru a sama, idan fushrod ne sai ya bi sanyi da zafin mai. Bambanci na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ƙarfi, shi ne wuri. Ka nemi sikana mai nuna ƙidayar misin ta kowace silinda, ka bar ta a jone ka tuƙa motar. Idan lambobin suna yawo, yanzu silinda ta 2, an jima ta 7, kowacce da ɗan kaɗan, saiti ne. Idan kuwa silinda ɗaya ce take tara ƙidaya, har kwamfuta ta rubuta lambarta kamar P0305 ta silinda ta 5, to abin da ke damun ta nata ne ita kaɗai, kuma babu saitin da zai warkar da shi. Kafin a goge lambar, a karanta bayanan da kwamfutar ta adana lokacin da ta rubuta ta, domin juyin inji da zafin ruwa na wannan daƙiƙar suna ciki.

Gejin zuƙar iska da aka jona a manifol yana faɗin abu guda da kuɗi kaɗan. Lafiyayyen injin kamfani yakan nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allurar a tsaye cak. Da babban kamshaf adadin zai sauka, allurar ta riƙa ɗan rawa, amma ta nutsu idan an ɗaga juyi. Allurar da take faɗuwa farat ɗaya tana komawa a kai a kai tana nuna bawul ɗin da ba ya rufewa, wadda rawarta take ƙaruwa da totur kuma tana nuna sifirin mai rauni. Fulogai ma shaida ne: duka takwas da baƙin toka iri ɗaya alamar fetur ya yi yawa ce, guda ɗaya jiƙaƙƙe a cikin bakwai masu tsabta kuwa alamar silinda ɗaya ce.

Akwai mai laifi na uku da makanikan naka ba su ambata ba, wato abin da hannu ya taɓa yayin aikin. An cire koyil da wayoyin fulogi, kuma koyil huɗu na kowane gefe ta soket ɗaya suke samun wuta. Idan misin ɗin a gefe ɗaya yake, misali 1, 3, 5 da 7 da ke ɓangaren direba, a fara duba wannan soket ɗin da wayoyin at, wato na negatif, da ke bayan top silinda. Idan silinda ɗaya ce, a musanya koyil da fuloginta da na maƙwabciyarta a ga ko misin zai bi su. Tayimin kamshaf da ya goce da haƙori ɗaya ban sa shi gaba ba, domin ciwonsa ba ya zuwa yana tafiya. Masu Tahoe daga ƙirar 2007 zuwa 2020 su lura cewa yawancin injinan 5.3 na wannan zamanin suna da tsarin kashe silinda 1, 4, 6 da 7 don tsimin mai, kuma tafet ɗinsu na musamman ba ya zama da babban kamshaf. Taka ba ta da wannan.

Shawarata ita ce ka bi makanike na biyu tukuna, ko da yake motar za ta buƙaci saiti daga ƙarshe. Buɗe murfin bawul aikin ɗan lokaci ne, kuma kuskure a can shi ne mai kashe inji. A duba sifirin goma sha shida ɗaya bayan ɗaya da fitila, a auna nutsewar fushrod a gwada da adadin da masu tafet ɗin suka bayar. Awon kwamfureshan na yau da kullum yana iya fitowa lafiya tun da ciwon ba kullum yake nan ba, don haka a hura iska cikin silindar da ake zargi fistan yana sama bawuloli a rufe, a saurari salansa da bakin totur. Idan iska tana fita, sai a sassauta rokokin wannan silindar. Idan ta daina, fushrod ya yi tsawo.

Ina roƙonka kada ka yarda a kashe lambar P0300 a kwamfuta kafin a gama wannan, domin wasu masu saiti da ita suke farawa, kuma ita ce za ta gargaɗe ka idan sifirin ya karye. Idan fitilar cek ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, ka sassauta totur ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur yana isa katalis ɗin salansa yana ƙona shi. Bayan ƙarfe ya tabbata lafiya, sai a ɗaga silo, a gyara lissafin iska da fetur, a sa sababbin fulogai, sannan a sake tuƙa motar da sikana a jone a ga abin da ƙidayar ta nuna.