Dante ko Milton, a kan zaɓin ɗan Adam da adalcin Ubangiji

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka saya tsakanin Dante da Milton a kan wannan batu. Tunda kuɗin littafi ɗaya ke hannunka, sayi Divine Comedy na Dante kawai, doguwar waƙa mai kashi uku: Inferno (Wuta), Purgatorio (wurin tsarkake rayuka) da Paradiso (Aljanna).

Nawa ya yi shekara takwas a wurina, bangon har ya ɓare na manne shi da salatif. A waƙa ta 16 ta Purgatorio, cikin hayaƙin da ba a ganin tafin hannu, ruhin wani mamaci, Marco Lombardo, yake ce wa Dante ku masu rai komai sai ku jingina wa taurari. In da haka ne, ina adalcin a saka wa mai kirki, a hukunta mugu? Taurari na iya zuga mutum, amma an ba shi hasken rarrabe alheri da sharri.

Abin da ya hana ni barci kuwa yana waƙa ta 19 ta Paradiso. Mutum ne aka haifa a bakin kogin Indus, ba wanda ya taɓa ba shi labarin Almasihu, bai cuci kowa ba da baki ko da hannu, ya mutu ba baftisma. Laifinsa me? Gaggafar da aka haɗa da rayukan sarakuna adalai ta ce kai wane ne da za ka yanke hukunci daga nisan mil dubu, alhali ganinka bai wuce taƙi ɗaya ba? Na ajiye littafin ina ƙunƙuni. Washegari na buɗe ta 20, sai ga Trajan, sarkin Rum da bai mutu Kirista ba, zaune a Aljanna.

Paradise Lost na Milton, na 1667, ba laifi, makaho ne ya shifta shi, dole a jinjina masa. Amma a littafi na 3 Ubangiji yana wanke kansa ne kamar lauya: ya halicci Adamu da ƙarfin tsayawa da 'yancin faɗuwa, saninsa na gaibu bai tura kowa ba. Shaiɗan ne ma ya fi daɗin magana. Nawa na can ƙura ta lulluɓe shi.

Ka yi hattara da masu tallar intanet. Wani ya sayar min da Inferno kaɗai a matsayin cikakken littafi, ga shi duk maganar da kake nema tana kashi biyun baya. Kafin ka tura ko sisi, sa a ɗauko maka hoton jerin abin da ke ciki. Waƙoƙi 100 ne: 34, 33, 33. Kuma ka nemi fassarar Turanci mai sharhi a ƙasan shafi, in ba haka ba sunayen mutanen Florence, garin su Dante, za su shaƙe ka.