Mutum-mutumin rimot da na saya wa yara: saura ƙiris in mayar wa masu sayarwa da abinsu

Duk wanda hoton jikin kwalin nan ya sa yake zaton mutum-mutumi zai iso masa a tsaye da hannu da ƙafa, ya sake tunani. Tarkacen 'yar mota ne a leda: faranti na roba, injuna biyu rawaya, tayoyi, allon Arduino Uno (shi ne ƙwaƙwalwar abin), wani jan allo mai suna L298N, ɗan rimot kamar katin banki, sai wayoyi tuli. A gida nake koyar da yarana uku a nan Makka, wajen Shara Mansur, na ce bari su taɓa kimiyya da hannu, haddar littafi ta isa haka.

Dare biyu muka yi muna haɗawa bayan isha'i. Da muka kunna sai ya kama juyi a wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Ashe wayoyin inji ɗaya muka juya. Yayansu ya musanya su, ya miƙe. A nan muka gane abin ba shi da sitiyari: in taya ɗaya ta yi gaba, ɗayar ta yi baya, ya sha kwana. Jan allon ne ke juya wa injin wuta, don Arduino umarni kawai yake bayarwa, ba shi da ƙarfin jan taya.

To, ranar Juma'a kafin la'asar yaran suka gayyato 'ya'yan maƙwabta, aka hau saman gida za a yi nuni. Aka danna, shiru. Aka sake dannawa, ko gezau. Auta ya fashe da kuka, wani ɗan maƙwabta yana cewa ai dama ƙarya ce. Wallahi kunya kamar in nutse. Nan take na ɗauki waya na tura wa mai sayarwar saƙon murya na minti uku, ban rage masa komai ba.

Muna saukowa falo, 'yata ta danna rimot ɗin da wasa, sai ga shi ya zabura ya daki ƙafar kujera. Ta ce, "Umma, rana ce ba ya so." Na ce ke tafi can. Ta ɗauki wayata, ta buɗe kyamarar gaba, ta saita bakin rimot ɗin ta danna. Ɗan ƙwan da ido ba ya ganin komai a jikinsa, sai ga shi yana walƙiya da wani haske mai ruwan shuni. Irin hasken rimot ɗin talabijin ne da na mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), ana ce masa infirared. Ƙiftawa yake yi sau 38,000 a daƙiƙa, kowane maɓalli da salon ƙiftawarsa, wani ɗan baƙin ido a gaban motar ya karɓa ya miƙa wa Arduino. Rana kuwa cike take da irin wannan hasken, balle ranar Makka, sai ta dashe wa idon gani. Muka koma sama bayan magariba, ya yi ta gudu lafiya lau. Yarinyar da nake fama da ita a lissafi ita ta warware mana. Daren nan na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma fa da na tuna batir sai raina ya sake ɓaci. Babu ko ɗaya a kwalin, kuma ba su faɗa ba. Guda biyu yake ci, irin 18650 ɗin nan masu ƙarfin wuta bolt 3.7 kowanne, ga caja daban. Sai da Abbansu ya zaga shaguna kafin ya samo. Jan allon ma kusan bolt 2 yake haɗiyewa, caji na yin ƙasa tafiyar ta koma ta hawainiya. Noti biyu ba su cika ba, har yanzu da salatif muka ɗaure inji ɗaya. Takardar bayanin kuwa Turancinta sai wanda ya rubuta.

Yanzu 'yata ta dame ni a sayo ɗan allon Bluetooth, wai shi da rediyo yake aiki, babu ruwansa da rana. Zan saya, amma ba a wurin mutumin nan ba. Saƙon nawa ya saurara tun ranar, har yau ko uffan.