Journald ko logrotate: wanne zai hana log cinye faifai?

Malam, tsakanin journald (mai tattara log a Linux, wato rubutaccen bayanin abubuwan da ke faruwa a kwamfuta) da logrotate (mai rufe fayilolin log yana share tsofaffin) da ka tambaya, fara da journald, kada ka wahalar da kanka.

Akwai tsohuwar kwamfuta da na mayar saba a shago, ita ke riƙe lissafin kaya, Debian 12 ce a kanta, faifan kuma ɗan ƙarami. Katin Wi-Fi ɗinta ya dinga tofa kuskure iri ɗaya dare da rana, har log ya lashe ɗan filin da ya rage. Na buɗe /etc/systemd/journald.conf, na rubuta SystemMaxUse=500M, na sake tayar da systemd-journald, shi ke nan. Wallahi tun ranar ban sake leƙa wurin ba, da an kai iyaka da kansa yake zubar da tsofaffin. In ba ka sa masa komai ba, yakan ci har kashi 10 cikin 100 na faifan, amma ba ya haura 4G. A babban faifai wannan ba abin damuwa ba ne, a VPS (sabar haya ta intanet) mai 20G kuwa giga 2 ne suka tafi. Auna nauyin da journalctl --disk-usage. In fili kake so yanzu-yanzu, buga journalctl --vacuum-size=200M, sai dai fayilolin da aka riga aka rufe kawai yake sharewa.

Logrotate kuwa, to, yana aiki. Sau ɗaya a rana ake tashinsa, ko ka rubuta maxsize 100M ba zai duba ba sai lokacinsa ya yi, kafin nan mai aukuwa ta auku. Bar shi yadda ya zo saboda log ɗin nginx (manhajar sabar shafukan intanet) da /var/log/syslog na Ubuntu, waɗannan ba ruwan journald da su.

In kana da Docker (mai gudanar da manhajoji a cikin kwantena), shi ne ɓarawon ɓoye: log ɗinsa ba shi da iyaka sai ka sa max-size a /etc/docker/daemon.json.

Kuma ka yi hattara da masu gyaran da ke ganin faifai ya cika su ce sai ka sayi sabon SSD. Wani ma jabu zai miƙo maka, an rubuta 1TB a jiki, cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka zuba kaya su fara lalacewa. In dole sai ka saya, gwada shi da f3, manhajar da ke gano ainihin girman faifai, a gaban mai kayan kafin ka biya.