Wace Manhaja Ta Dace Idan Tasirin Rukuni Bai Bi Rarrabuwar Gauss Ba?

Mai nazarin alƙaluman marasa lafiya da ke kwance a asibitoci daban-daban, inda sakamako ba ya wuce "ya warke" ko "bai warke ba", yakan nemi samfurin lojistik mai matakai, wato lissafin yiwuwar warkewa wanda ke ba kowane rukuni, a nan kowane asibiti, nasa tasirin. Galibin manhajoji suna ɗauka cewa waɗannan tasirai suna bin rarrabuwar Gauss mai siffar ƙararrawa, alhali kuwa wasu asibitoci kan yi wa saura fintinkau, ko kuma su kasu gida biyu.

Kafin mutum ya biya kuɗin lasisi, ya kamata ya san cewa tsada ba ta warware wannan matsala. Umarnin melogit na Stata da NLMIXED na SAS, manhajojin nazarin alƙaluma biyu da ake saye, duk a kan Gauss aka gina su, kamar yadda umarnin glmer na kunshin lme4 yake a cikin manhajar R, wadda kyauta ce. Ana iya yi wa NLMIXED dabara ta hanyar sauya fasalin lissafin, amma sai wanda hannunsa ya faɗa sosai.

Wanda ya riga ya mallaki Stata yana da gllamm, da Sophia Rabe-Hesketh da abokan aikinta suka rubuta. Maimakon ya tilasta wa tasirin wata siffa, yana iya tattara shi a kan 'yan ɗigo kaɗan, kowanne da nauyinsa, alƙaluman su nuna inda ɗigon za su zauna. Aibinsa shi ne rashin sauri, domin babban samfuri na iya cin sa'o'i. Irin wannan hanya ta ɗigo ce kunshin npmlreg ke bi a R, bisa aikin Murray Aitkin. Akwai kuma kunshin hglm a R, mai bin tsarin Lee da Nelder na 1996, wanda ke karɓar rarrabuwar beta da gamma.

A ganina, brms, kunshin R da ke aiki a kan manhajar lissafi ta Stan, ya fi dacewa da mafi yawan masu bincike. Yana ba da damar sanya rarrabuwar t mai kaurin wutsiya, wadda ba ta barin asibiti guda da ya kauce ya ja sakamakon duka. Farashinsa ba kuɗi ba ne, lokaci ne da koyon hanyar Bayes, mai haɗa zato na farko da alƙaluma, musamman zaɓen zato na farko da duba ko lissafin ya daidaita.

Sai dai tambayar da ake son amsawa ita ce ke yanke hukunci. A 2011 McCulloch da Neuhaus sun nuna cewa kuskuren siffa sau da yawa ba ya taɓa ƙiyasin abubuwan da ke sauyawa a cikin rukuni sosai, don haka glmer ya wadatar da mai wannan buƙata. Wanda kuwa yake son gano asibitocin da suka fita daban, shi ne ya cancanci ya jure wahalar brms ko gllamm, ya kuma gwada sakamakonsu da na Gauss kafin ya amince da ɗaya.