Tattaki, kujera ko na'ura: zaɓin motsa jiki ga dattawan rukunin gidaje a Katsina

A rukunin gidajen gwamnati irin su Barhim da Goruba akwai dattawa da dama da suka ajiye aiki, kuma zamansu ya sha bamban da na cikin gari, inda zaure da dakalin ƙofar gida ke haɗa mutane ko ba su shirya ba. A nan kowa yana bayan katangarsa, wani ma masallaci kaɗai ke fito da shi. Saboda haka idan maƙwabta suka yanke shawarar yin karo-karo domin motsa jiki tare, ya kamata su auna abin da za su kashe wa kuɗin kafin a fitar da ko sisi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba wanda ya kai shekara 65 shawarar samun minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku domin rage yawan faɗuwa.

Tattaki bayan sallar asuba ya fi komai araha, domin ba ya buƙatar komai sai takalmi mai taushi wanda ke riƙe dunduniya, ba silifas ba, kuma minti talatin a kwana biyar ya cika adadin nan na 150. Wajen zumunci ma babu kamarsa, tunda ana tafe ana hira. Sai dai ƙurar hunturu tana wahalar da mai asma, zafin bazara kuma yana taƙaita lokacin fita. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon gwiwa, wanda a kullum ake bari a baya, har kunya ta sa ya daina fitowa, alhali shi ne ya fi kowa buƙata.

A ganina motsa jiki a kan kujera ne ya cancanci kuɗin jama'a. Ana jera kujeru masu ƙarfi a jikin bango, a riƙa tashi ana zama, a ɗaga dunduniya ana dafe da kujera, a ja robar atisaye domin ƙarfin hannu da kafaɗa. Mai sanda da mai ƙiba duk suna iya shiga, mata kuma za su iya yin nasu a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu tare da mace mai koyarwa, ba tare da wani maigida ya ji babu daɗi ba. Babban abin kashewa shi ne ladan mai koyarwa, kuma gara a nemi ma'aikacin sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya zo na 'yan makonni har wani daga cikin rukunin ya iya jagoranci, maimakon matashin da ya saba horar da 'yan ƙwallo.

Gidan motsa jiki na kuɗi yana da kayan aiki, amma akwai kuɗin wata da na Keke Napep, kuma dattijo ba ya sakewa cikin samari da kiɗa. Na'urar gudu ta haɗin gwiwa kuwa ban ba da shawarar sayenta ba: tana cin wuta, mutum ɗaya take ɗauka, sannan gardamar gidan da za a ajiye ta kan iya ɓata zumuncin da aka fito nema.

Idan kuɗi ya yi saura, a sayi na'urar awon jini ta damtse, wadda ta fi ta wuyan hannu daidai. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa, mai ciwon suga da ke shan magani ya riƙe dabino a aljihu, a watan azumi kuma a mayar da zaman zuwa bayan shan ruwa.