Gawayin noma ko kashin shanu: wanne ya dace da jigawa?

Malam, ka ce gonarka jigawa ce da ba ta riƙe ruwa, kana tambaya ko ka bar kashin shanu ka koma gawayin noma, wato bayoca. Ni dai ba zan ce ka bar ko ɗaya ba, don kowanne da aikinsa.

Kashin shanu abinci ne. Da ya ruɓe, shuka za ta sha naitirojin da fosfaras a daminar nan. Sai dai a yashi mai zafi ba ya daɗewa, shekara ɗaya ko biyu ka neme shi ka rasa.

Shi kuwa gawayi rumbu ne, abincin da ke jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ana ƙona totuwar masara, ɓuntun shinkafa ko itace ba tare da iska sosai ba, a zafin digiri 350 zuwa 700. Karya guda ka duba, za ka ga ƙananan ramuka birjik kamar saƙar zuma. Nan ruwa da sinadaran taki ke maƙalewa maimakon su zurare ƙasa, nan kuma ƙwayoyin halitta masu amfani ke samun masauki. Ga daɗewa: a yankin Amazon na Brazil akwai baƙar ƙasa mai gawayi da ake kira terra preta, waɗanda suka yi ta sun shuɗe ɗaruruwan shekaru, amma har gobe tana ba da amfani.

Inda ake tafka kuskure shi ne zuba shi tsurarsa. Na taɓa yi, ganyen masarata ya koma rawaya, ashe rumbun da babu komai ciki ne ya zuƙe ɗan naitirojin ɗin da ke ƙasar. Ka yayyafa masa ruwa kafin ka daka (ƙurarsa ba ta da daɗi a ƙirji), ka cuɗa shi da kashin shanun, ka rufe mako biyu zuwa huɗu, sannan ka turbuɗa shi inda saiwa ke kaiwa.

Gawayi yana rage tsamin ƙasa, shi ya sa ya fi nuna kansa a ƙasa mai tsami da yashi irin taka. A ƙasa mai kanwa kuwa yana iya ƙara dagula lamarin. Kuma wajen ƙona shi kada ka bari ya ci har ya zama toka, ramukan sun tafi ke nan. Bana ka ware kunya biyar ka zuba haɗin, biyar na kusa da su kashin shanu zalla, ranar girbi ka auna kowanne daban.