Maƙalin AL-KO AKS 3004: yana rage wa karafan kaɗa wutsiya, amma ba ya gyara mummunan lodi

Karafan, wato ɗakin kwanan nan mai taya da ake maƙala wa mota a baya, doguwa ce mai faɗin jiki, kuma kusan duk nauyinta a kan aksil ɗaya ko biyu yake a tsakiya. Abin da ya haɗa ta da motar dunƙulen ƙarfe ne guda mai kaurin milimita 50. A kansa take juyawa hagu da dama yadda ta ga dama. Idan iska ta buge ta daga gefe, ko babbar mota ta wuce ta da gudu, ko taya ta faɗa rami, sai bayanta ya karkata. Yawanci takan dawo daidai da kanta. Amma kowace mota da karafan ɗinta suna da wani gudu da idan aka kai shi, karkatar ba ta mutuwa, sai ma ƙaruwa take yi, har wutsiyar ta riƙa jan bayan motar tana wujijjiga shi. Wannan ne ke kifar da mutane a kan manyan hanyoyi, kuma dominsa aka ƙera AKS 3004.

Kamfanin AL-KO na garin Kötz a Jamus ne ke yin sa. Ana cire maƙalin da karafan ta zo da shi, wato bakin da ke kama dunƙulen, a sa wannan a madadinsa, ko da yake da yawa daga cikin karafan na Turai da shi suke fitowa tun daga masana'anta. An yi shi don tirelar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,000 ba. A cikin bakinsa akwai fatu huɗu masu kama da fatar birki: biyu a gefe, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Hannaye biyu gare shi. Da ƙaramin ake buɗe baki a ɗora shi kan dunƙulen, sai a ji ƙarar kamawa, wata 'yar alama koriya ta ɓullo a sama. Sannan a danna babban hannun ƙasa har ya kwanta, shi ne yake matse fatun gefe su rungumi dunƙulen. Daga nan karafan ba za ta juya ba sai ta yi kokawa da wannan riƙon. Fatun gefe suna kashe lilon hagu da dama, na gaba da baya kuma suna rage sunkuyen nan da ake ji idan an bi hanya mai tudu da kwari.

A wajen aikinsa dai babu abin kushewa. Ƙananan girgizar da ke gajiyar da direba, irin wadda ke sa ya yi ta gyara sitiyari duk lokacin da babbar mota ta gifta, tana raguwa sosai. Ya kuma fi tsohon salon nan na doguwar sandar ƙarfe da ake ɗaurawa daga mota zuwa gefen tirela sauƙin sha'ani, don babu wani abin da za ka kwance ka ajiye. Hannu ɗaya za ka danna, shi ke nan.

Inda mutane suka fi lalata shi kuwa wajen dunƙulen ne. Duk wanda ya saba jan tirela ya saba shafa wa dunƙule giris, to a nan haramun ne. Ɗigon mai kaɗan ya isa ya jiƙa fatun su daina kamawa, kuma hannun zai ci gaba da kwantawa kamar komai lafiya, ba za ka gane ba sai ranar da kake bukatarsa. Dole dunƙulen ya zama ƙarfe tsura. Sabon dunƙule yakan zo da fenti ko wani shafi na hana tsatsa, sai an goge shi tas da sanfefa mai lamba 100 zuwa 120, a wanke da ruwan wanke birki, a bar shi ya bushe. Idan ba a yi haka ba fentin zai narke ya liƙe a fatun, su yi santsi, su riƙa wani gurnani a kowace kwana kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Murfin robar da ake rufe dunƙule da shi ma a duba cikinsa, galibi akwai tsohon giris a ciki. Haka idan an ja wata tirelar mai maƙali na gama-gari da motar, sai an sake wankewa kafin a dawo kan karafan.

Akwai kuma batun wuyan dunƙulen. Kan AKS ya fi maƙali na gama-gari girma, yana bukatar fili a ƙarƙashinsa da bayansa. Dunƙule mai dogon wuya lanƙwasasshe yawanci ba shi da matsala. Wanda ake ɗaurewa da kusoshi biyu a jikin faranti, mai gajeren wuya, shi ne ke kawo cikas: a kwana mai tsanani ko a bakin gangara kan maƙalin yana iya tokare wuyan ko bamban mota, ya yi ƙoƙarin ɓalle kansa. Ga irin wannan sai a sayi dunƙule mai tsawon wuya da aka yi musamman dominsa. Wannan ƙarin kashe kuɗi ne da ba kowane mai sayarwa ke faɗa tun farko ba, kuma a ganina shi ne babban abin da ya kamata a tambaya kafin a biya.

Wanda zai ɗaura shi da kansa ya lura da kusar baya. Ita ce ke ratsa idon abin da ke tausasa birkin karafan a cikin sandar ja. Idan ka zare ta haka kawai, idon zai zame ciki, mayar da shi kuma aiki ne. Ana tura wata 'yar sanda a bayan tsohuwar kusar tana fita, sannan sabuwar kusar ta turo sandar waje. A yi amfani da sababbin noti masu kulle kansu, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi daidai da abin da littafin kamfani ya ce, ba da ƙiyasin hannu ba.

Fatun suna cinyewa, haka aka yi su. Akwai alama a jikin ƙaramin hannun da ke nuna halin fatun gaba da baya: muddin ana ganin kore, fatun suna da sauran aiki, idan ja kaɗai ya rage, ko fatun sun ƙare ko dunƙulen ya sirance. Dunƙulen da ya sauka ƙasa da milimita 49 ya gama aiki. Na gefe kuwa ana gane su ta babban hannun: ka sauke shi a hankali har inda ka fara jin tauri, ka duba inda kibiyar ta tsaya a kan alamomin. Idan hannun yana faɗawa ƙasa ba tare da ya yi maka gardama ba, babu abin da yake riƙewa. Canza su ba wuya, ana cire murfin gefe a buge tsohuwar ta fita, amma a kula da 'yan wasoshin da ke bayanta, a mayar da su yadda suke. Idan za a yi ta ribas da kwana-kwana wajen faka karafan, a ɗaga babban hannun don kada fatun su ci wahalar banza, kuma kada a mayar da shi abin jan karafan da hannu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da wannan na'ura, kuma ba laifin ƙirarta ba ne. Saboda tana shanye ƙananan girgiza, tana kuma shanye gargaɗin da karafan mai mummunan lodi ke bai wa direba tun ana tafiya a hankali. Sai mutum ya ji shiru, ya ƙara wuta, ya isa gudun da ƙarfin lilon ya fi ƙarfin fatu huɗu. A nan babu sauran abin da za su yi masa.

Shi ya sa ma'aunin nauyin hanci ya kamata ya riga maƙalin shiga gida. Nauyin hanci shi ne nauyin da karafan ke dannawa kan dunƙule. Ƙungiyoyin masu karafan a Birtaniya suna ba da shawarar ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinta da kaya. Karafan mai kilo 1,400 ke nan tana son kilo 70 zuwa 98 a hanci. Amma ba a wuce mafi ƙanƙantar iyaka tsakanin ta mota, ta ƙarfen ja da ta maƙali. Idan motar ta ce 75, to 75 ɗin ce, sai a matsa kusa da ita. Ana aunawa a shimfiɗaɗɗen wuri, an ɗage ƙafafun da ke tokare kusurwoyin karafan, hancin yana daidai tsayin da zai zauna a kan mota. Idan ya yi nauyi da yawa, kada a kwashi kaya a jibge can ƙarshen baya don a daidaita. Ma'auni zai nuna lamba mai kyau, amma an rataya wa wutsiya nauyi, kuma shi ne ainihin abin da ke ƙara wa lilo ƙarfi. Rumfa, batir, akwatin kayan aiki, duk a ƙasa a kan aksil. Kabad na sama na tufafi ne da abubuwa marasa nauyi. A zubar da ruwan tanki kafin a tashi, don kowace lita kilo ɗaya ce, ga shi kuma yana kai-kawo a ciki. Ga sabon shiga, shawarar ita ce nauyin karafan kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar babu kaya, wato karafan mai kilo 1,400 tana bukatar mota mai kimanin kilo 1,650. A cika iskar tayoyin bayan mota zuwa awon cikakken lodi, a kuma karanta lambobi huɗun da ke gefen tayar karafan masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar karafan tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba. Daga shekara 5 a fara shirin canzawa, kada ta wuce 7.

Dokar Jamus ta nuna matsayin wannan na'ura sarai. A can mai jan karafan kilomita 80 a awa aka yarje masa. Yana iya samun izinin 100, amma sai motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, karafan tana da shokoba, tayoyinta ba su kai shekara 6 ba kuma an yi su don aƙalla kilomita 120 a awa. Sannan nauyin da aka halatta wa karafan kada ya wuce 0.8 na nauyin motar babu kaya. Da maƙali irin wannan ana ɗaga shi zuwa 1.0. Wato hukuma ta yarda yana taimakawa, amma sharaɗi ɗaya ne a cikin da yawa. A Birtaniya iyakar mil 60 ce a awa, kusan kilomita 96, a manyan hanyoyi masu rabe, mil 50 a hanyar da ba a raba tsakiyarta ba, kuma ba a shiga layin can dama idan babbar hanya tana da layi uku ko fiye. Faransa tana barin haɗin da bai wuce tan 3.5 ba ya yi gudun sauran motoci, har kilomita 130 a awa. Doka ta yarda, amma ba zan ba kowa shawarar ya gwada da karafan a baya ba. Tsakanin kilomita 80 da 90 a awa ne wurin da direba ke da sauran damar gyara kuskure, kuma a rage tun kafin a fara gangara, don a gangara ne karafan ke tura mota, a nan lilo ya fi tashi.

Idan ya tashi duk da haka, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari miƙe da hannu biyu, kada ka bi lilon kana gyarawa, kada ka taka birki da ƙarfi. Maganar da ake yaɗawa cewa ƙara wuta na miƙar da karafan tana da haɗari, don ƙaramar mota ba ta da ƙarfin da za ta fizge ta nan take, gudun kawai za ka ƙara wa hatsarin.

Wani maƙalin, Winterhoff WS 3000, yana aiki a kan dabara iri ɗaya, kuma shi ma busasshen dunƙule yake so. Wanda ke yawan doguwar tafiya zai iya ƙara ATC na AL-KO, na'urar lantarki da ke jin lilo ta taka birkin karafan da kanta har ta miƙe. Tana bukatar wuta mai ɗorewa daga soket mai fil 13, don haka a tabbatar an haɗa wannan wayar a motar. AKS 3004 ya cancanci saye ga duk mai karafan da dunƙulensa ya dace da shi, kuma a haɗa da fatun gefe guda biyu na ajiya da gwangwanin ruwan wanke birki a akwatin gaba.